Ranar Da Yaron Katun Ya Ƙi Zaɓa

"Na ce a'a, Uwata. Shekaranjiya na faɗa, jiya na faɗa, ga shi yau ma kin sa na maimaita."

Baba bai ko ɗago kai ba. Gilashin gyaran agogo na manne a idonsa na dama, yana tsintar wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli tsakar gida, kuma a ta biyun ne 'yarsa ta tsaya da jaka a kafaɗa. Shekararta ashirin da bakwai, amma duk ranar da ta tsaya a wannan ƙofar sai ta ji ta koma 'yar bakwai.

"Baba, ba ka san shi ba ne."

"Na san shi sarai. Minti arba'in ya yi a kan bencin nan. Na ce shayi ko ruwa, ya ce duk wanda aka ba shi. Na ce yaushe yake so a yi maganar, ya ce duk lokacin da na ga ya dace. Wayarsa ta yi ƙara sau biyar, sau biyar ɗin ya ɗauka, yana ba wasu 'yan mata haƙuri kamar mai lallashin jariri."

"Masu kallon shirinmu ne, Baba. Ba ya son ya wulaƙanta kowa."

"To ai nan matsalar take. Ban ce ɗan iska ba ne, ban kuma raina sana'arsa ba. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ba shi da a'a a bakinsa ba."

Sai a lokacin ya juyo, ido ɗaya ƙato ta cikin gilashi, ɗaya ƙarami.

"Mai kemis zai zo da kawunsa ƙarfe biyar na yamma. Wata huɗu bawan Allahn nan yana zarya a gidan nan. Ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi ba. Amma yau sai na ba su amsa, kuma in kika yi shiru, na ɗauka kin yarda."

Hawaye ya cika mata ido.

Kafin ya zubo aka cafke hannunta ta baya.

"Share fuskarki mu tafi, yau ba ranar kuka ba ce," in ji Gwaggo, yayar Baba, wadda ta sha kwalliya tun da sassafe har da ɗaura jan ƙyalle a hannun jakarta. "Yau yarinyata za ta ci, ke kuma taki ta koma gida da haƙuri."

Bari in gaya muku abin da ya fito da tsohuwa mai hawan jini daga gida da farar safiya.

Shekara uku ke nan wani ƙaramin situdiyo yake ɗora muryoyin Hausa a kan wani katun na Japan. Labarin ba wani mai wahala ba ne. Saurayi ne ɗalibin jami'a, ba kuɗi, ba wani kyau na a zo a gani, ya kama haya a gidan da 'yan mata biyar ke zaune, sai duka biyar ɗin suka kamu da sonsa. Akwai mai jan gashi, masifaffiya, wadda ke nuna so da zagi. Akwai mai tabarau, da 'yar masu kuɗi, da shugabar ɗalibai. Sai mai shuɗin gashi, wadda suka taso tare tun suna yara, ta san har abin da yake tsoro, amma kullum ita ake mantawa a baya.

'Yar Baba ce ke yi wa mai shuɗin gashi murya, shi ya sa duk gari ke kiranta Shuɗiya. Wanda take so kuwa shi ke yi wa yaron shirin murya, sai aka laƙaba masa Ɗan Tsakiya, sunan ya bi shi har mahaifiyarsa ma ta kama.

Kashi saba'in da ɗaya aka yi yaron nan bai zaɓi kowa ba. Yau za a ɗauki na saba'in da biyu, na ƙarshe.

A cikin motar haya Gwaggo ba ta bar kowa ya huta ba.

"Ni ba don sakaran yaron nake kallo ba," ta gaya wa wata mata da ko tambayarta ba ta yi ba. "Mai jan gashin nan, ni ce ina budurwa. Marigayi mijina sai da na yi shekara ina ce masa mai kunnen faranti kafin ya gane sonsa nake. In ta ci yau, wallahi ni na ci."

Shuɗiya dai ta jingina kai da gilashi. Akwai abin da ta ƙulla a ranta wanda ko Gwaggo ba ta sani ba. Ta ce wa kanta in yaron shirin ya zaɓi mai shuɗin gashi, to alama ce, komai zai daidaita kafin ƙarfe biyar. Mace mai digiri, mai hankali, ta ɗora aurenta a kan zanen da wani ya yi a wata duniya. To, so ke nan, ba ya tambayar takardun makaranta.

Tun daga kwanar titin suka hango taron.

Ikon Allah. Mutum ya fi ɗari a ƙofar situdiyo, kowa da launin ƙyallensa, ja da shuɗi da fari da ruwan ɗorawa da kore. Ga 'yan jami'a, ga ma'aikatan banki da suka sato jiki daga ofis, ga wata nas da kayan aikinta, da alama daga asibiti ta wuto. Sun san ba za a nuna musu komai ba sai mako mai zuwa. Fuskokin masu murya kawai suka zo karantawa in sun fito.

"Ga Shuɗiya nan, ga ta nan."

Nan da nan aka yi mata zobe. Wani direban tasi mai furfura a gemu, da shuɗin ƙyalle ɗaure a hannu, ya buɗa mata hanya yana washe baki.

"'Yata, ki riƙe mana amana. Ni kin gan ni nan, tun da aka haife ni ko mace ɗaya ba ta taɓa yin faɗa a kaina ba. Amma in na kunna shirin nan, minti ashirin ni ne yaron, har kafaɗata nake ji ta buɗe."

Aka kwashe da dariya. Nas ɗin ta ce, "Ku maza kun cika son banza. Mu 'yan matan muke kallo. Dubi ranar da mai tabarau ta kwanta zazzaɓi, su huɗun da suke takara da ita ne suka kwana a kanta. Nan na yi kuka, ba wajen yaron ba."

"Ni dai a zaɓi ɗaya a huta," in ji wani daga baya. "Shekara uku muna musu a wurin aiki, har na daina gaisawa da abokina."

A bakin matakala Ɗan Tsakiya yake tsaye, 'yan mata sun kai goma sun kewaye shi, kowace na so ya faɗa mata kalma ɗaya da muryar yaron shirin ta ɗauka a waya. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge, zufa na karyo masa, yana cewa "To, to, ba damuwa" ga kowa. Da ya hango ta fuskarsa ta yi haske gaba ɗaya, ita kuma zuciyarta ta narke kamar kullum, haushi da so suka haɗe mata.

"Ƙarfe biyar za su zo," ta raɗa masa suna hawa bene.

"Na sani. Ki bari mu gama ɗaukar nan, za ki ga abin da zan yi."

"Me za ka yi?"

"Ki dai bari mu gama." Idonsa na ƙyalli kamar wanda ya ɓoye kyauta a aljihu.

Anti Darakta, mai situdiyon, tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba. Ita kaɗai ke kallon kashi kafin a ɗauka, ita ke fassarawa, ta auna kowace jimla daidai da motsin bakin zanen. Masu murya ba sa ganin takarda sai sun shiga ɗakin ɗauka, kuma shafi ɗaya-ɗaya take miƙo musu, wai don kuka ya fito na gaske, dariya ma haka. Ta karɓe wayoyin kowa ta zuba a kwando, ta zaunar da Gwaggo a kusurwa bayan ta sa ta yi alkawarin kama bakinta.

Sai bayan azahar aka gama shiri, su shida suka shiga. Ɗakin ƙarami ne, bangonsa duk soso, makirufo uku, allo ɗaya a gaba, sai gilashin da Anti Darakta ke kallonsu ta ciki. Jar fitila ta kama.

Shafi na ɗaya, na biyu, na biyar, aiki na tafiya kamar ana zuba ruwa. A allo an gama jarrabawar ƙarshe, za a rufe gidan hayar, kowa na ɗaure kaya. 'Yan matan biyar suka tsare yaron a tashar jirgin ƙasa, suka jeru a gabansa, mai jan gashi ta ce yau ko ya faɗa ko ta jefa shi a kan titin jirgi. Wadda ke yi mata murya ta faɗi jimlar da ƙarfi har Gwaggo ta miƙe tsaye a bayan gilashi.

Shuɗiya ta ƙura wa allo ido. Ta saci kallon Ɗan Tsakiya, ta ga shi ma allon yake kallo, ko ƙiftawa ba ya yi.

Shafi na goma sha ɗaya ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Yaron shirin ya kalli ta farko, ya kalli ta biyu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Iska ta kaɗa gashinsu. Bakinsa ya buɗe, kuma Ɗan Tsakiya, da yake aikin shekara uku ya koya masa shiga daidai da buɗewar baki, ya karanta kafin ma ya fahimci abin da yake karantawa.

"Ba zan iya zaɓa ba. Dukanku kuna da muhimmanci a wurina. Mu ci gaba da zama yadda muke."

Masu murya suka kalli juna.

"Kan uba," in ji mai muryar 'yar masu kuɗi a hankali. "Shekara uku?"

Muryar Anti Darakta ta shigo kunnuwansu. "Haka suka rubuta, ba ni na zana ba. Mu ci gaba. Shuɗiya, ke ce. Bakin zai buɗe bayan ƙarar jirgi."

Shuɗiya ta duba takardarta. Layi ɗaya ne. Ba komai, zan jira ka, ko shekara nawa ne.

Jirgi ya yi ƙara. Mai shuɗin gashi ta yi murmushi a allo, bakinta ya buɗe, ya motsa, ya rufe. Babu murya.

"A mayar baya. Shuɗiya, kin makara."

Aka mayar. Bakin ya sake buɗewa, ya sake rufewa a banza.

"Lafiya kuwa?"

"Ba zan faɗa ba, Anti."

"Ba za ki me?"

Ta cire abin sauraron daga kunnenta ta rataye shi a jikin makirufo. Hawayen da Gwaggo ta hana zuba da safe ya samu hanya. Ta juya ta fuskanci Ɗan Tsakiya, ta manta da jar fitila, ta manta da mutum huɗun da ke tsaye.

"Ka ce in bari mu gama. To mun gama. Mene ne abin da za ka yi?"

Ya kalli takardar, ya juya bayanta ko akwai wani rubutu. Babu.

"Na ɗauka ita zai zaɓa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Wallahi na ɗauka ita ce. Duk alamu sun nuna. Na ce in ya faɗa mata, zan ji yadda ake faɗa, in haddace kalmomin, in je gaban Baba in faɗe su yadda suke. Ke kin san ni, in ba takarda a hannuna harshena ɗaurewa yake."

"Wato aurena kake jira wani mai zane a Japan ya rubuta maka?"

Ba ta gaya masa ita ma abin da ta zo jira ke nan ba. Kunyar hakan ce ma ta ƙara mata zafi.

"Shekara biyu ina kare ka a gida. Ina cewa kirki ne ya yi maka yawa. Baba ya kira ka marar a'a, na yi kwana biyu ban ci abinci ba. Ashe gaskiyarsa. Ba ka son ka ɓata wa kowa, sai ni, don ka san ni ce mai jira."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ita waccan zane ce, ba ta tsufa, ba ta da uba, ba wanda zai zo gidansu ƙarfe biyar. Ta jira har duniya ta naɗe. Ni mutum ce."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Bai taɓa mayar mata da magana ba tun da suka haɗu, shi ya sa abin da ya fito daga bakinsa ya zo mata a ba-zata.

"Ke fa?"

"Ni me?"

"Wata huɗu mai kemis yana zuwa gidanku. Kin taɓa ce masa a'a? Da bakinki, ba ta bakin Baba ba?" Hawaye ya gangaro masa, bai goge ba. "Duk ranar da na ji ya zo, ba na iya cin abinci. Kina fita ku gaisa, kina ce masa kina tunani. Ban taɓa tambayarki ba don kada ranki ya ɓaci. Ni matsoraci ne, na yarda. Amma ba ni kaɗai ba ne a tsakiya."

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi.

Ta finciki ƙofa ta fita. Ta ji Anti Darakta na kira, ta ji Gwaggo na cewa a dawo da kashin a sake zanawa, ba ta tsaya ba. A ƙasa taron ya taso mata, kowa na leƙa fuskarta.

"Kuka take, an kayar da shuɗi."

"Ko na murna ne?"

Ta ratsa su da gudu, mayafinta na jan ƙasa.

Tafiyar minti ashirin ce zuwa unguwarsu, ta yi ta a ƙafa, tana tafe tana faɗa da shi a zuci. Shi wa ye da zai gaya mata haka? Ai ita kunya ce ta hana ta. Ai mai kemis mutumin kirki ne, shi ke auna wa Gwaggo jini duk mako ba ya gajiya, ta yaya za ta dubi idonsa ta ce ba ta sonsa? Ai ba ta son ta wulaƙanta shi ne kawai.

Nan ta ja ta tsaya cak a gefen titi, domin kalmomin da ta kare Ɗan Tsakiya da su ne da safe, ba ragi ba ƙari.

Ƙarfe uku da rabi ta shiga kemis.

Mai kemis yana bayan kantar shagon cikin farar rigar aiki, an yi masa sabon aski, ga wata riga mai tsada rataye a bayan ƙofa cikin leda. Yana ganinta ya sallami mai sayen maganin tari da sauri, ya jawo mata kujera yana murmushi har kunne.

"Yau kuma ke da kanki? Ai da kin bari, nan da awa ɗaya da rabi muna gidanku."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya ta dafa kantar.

"Don Allah kada ku zo."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa sauka.

"Wani abu ya faru a gida?"

"Ba abin da ya faru. Ni ce. Akwai wanda nake so, tun kafin ka fara zuwa. Ya kamata in gaya maka tun ranar farko, sai na riƙa ce maka ina tunani, alhali ba tunanin da nake. Tsoro nake ji in ga fuskarka ta yi yadda ta yi yanzu. Na cuce ka wata huɗu. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana gyara wasu kwalaye da ba su karkace ba.

"Mai muryar katun ɗin ne?"

"Shi ne."

"Babanki ya ce ba zai ba shi ba."

"Na sani. Ko bai ba shi ba, amsata gare ka ba za ta canja ba."

Ya gyaɗa kai. Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ta ga idonsa ya cika. Mutumin da ko ɗaga murya bai taɓa yi mata ba.

"Kawuna tun jiya ya taso daga nesa," ya ce. "Na gaya wa mahaifiyata ta fara shiri. Da kin faɗa mini a watan farko, da yanzu na warke."

"Gaskiya ne."

"Ki je. Na yafe miki, amma ki je, ba na so ki ga sauran." Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa Gwaggo kada ta fasa zuwa awo. Ita ba ruwanta."

Wannan ce ta karya ta. Ta fito tana kuka wiwi a titi, ba ta damu da masu kallo ba. Ba ta taɓa sanin kalma ƙarama kamar a'a tana da wannan nauyin ba, ga shi kuma duk da kukan ƙirjinta ya yi sakayau, har tana jin kamar ta ruga da gudu.

Ta kuwa ruga.

Tana shan kwanar layinsu ta yi turus. Tasi uku a ƙofar gidansu, mutane sun kai talatin sun yi cirko-cirko a gaban shagon Baba, ja da shuɗi da kore duk a haɗe, ba mai ko tari. Direban nan mai furfura ya hango ta, ya ɗora yatsa a baki, ya buɗa mata hanya. Gwaggo na maƙale a jikin taga, ta jawo ta kusa.

"Kina fita ya biyo bayanki, ko wayarsa bai tsaya ɗauka ba," ta raɗa mata, jikinta har rawa yake don daɗi. "Da bai gan ki ba ya ce a kawo shi nan. Sau huɗu ke nan ubanki yana korarsa."

Shuɗiya ta leƙa.

Ɗan Tsakiya na zaune a kan benci, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, rigar nan mai guga ta jiƙe ta manne masa a baya. Baba na tsaye a kansa.

"Yaro, ina da baƙi ƙarfe biyar. Tashi ka tafi, kada ka sa in yi maka abin da ban saba ba."

"A'a, Baba."

Ba muryar shirin ba ce, mai taushin nan da 'yan mata ke ɗauka a waya. Wata ce daban, a shaƙe, tana karyewa a tsakiya, ba daɗin ji ko kaɗan. Shuɗiya ba ta taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ka yi haƙuri. Ban iya magana ba, ban zo da komai a rubuce ba. Ita nake so, ita kaɗai, ba na son kowa ya zo ya nema. In baƙin sun zo, a gabansu ma haka zan faɗa. In ka sa aka fitar da ni, zan zauna a bakin titi."

"Ka san kana yi mini rashin kunya a shagona?"

"Na sani, Baba. Cikina ma ciwo yake."

Wani a waje ya kasa riƙe dariya, nas ta make shi.

Shuɗiya ta tura ƙofa ta shiga. Duka biyun suka juyo. Idonta ya kumbura, mayafinta duk ƙura, numfashinta na fita sama-sama.

"Baba, baƙin ba za su zo ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na je na gaya masa. Da bakina."

Baba ya dube ta. Sannan ya sa hannu ya cire gilashin daga idonsa, abin da ba ya yi sai zai ci abinci ko zai yi salla, ya ajiye shi a kan tebur.

"Ya ji ciwo?"

"Ya ji, Baba. Sosai." Ta sunkuyar da kai. "Kuma ni na jawo."

"Ke kika jawo," ya ce, ba tare da ya sassauta mata ba. "Gobe ni zan je in ba kawunsa haƙuri, don ni ma da nawa laifin."

Ya koma kan kujerarsa ya zauna da ƙyar, kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Ya kalli taron da ke taga, suka noƙe kawuna gaba ɗaya. Ya kalli saurayin da ke zaune a kan bencinsa.

"Kada ka ɗauka na ce na ba ka."

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Akwai sauran magana mai yawa tsakanina da kai, kuma ba a gaban 'yan kallo za a yi ta ba." Ya ja numfashi. "Amma ba ka ga ta sha gudu ba ne? Matsa mata ta zauna."